Ku Tambaya Mu Amsa: Injin yankan itace mai batir, wanne ya dace da ni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan kana lafiya ya aiki ya iyali. Dan Allah shawara nake nema. Ina da gida a Hotoro, akwai darbejiya guda biyu a ƙofar gida da mangwaro da goba a tsakar gida, duk shekara in damina ta kusa sai na nemo masu sara su rage rassan kuma kuɗin da suke caza yanzu abin ya fara isata, ga shi wani sa'in su yi maka aika-aika su datse bishiyar gaba ɗaya. Sannan ni da abokaina mukan fita wajen gari mu kafa tanti mu kwana biyu gefen dam ɗin Tiga in an samu hutu, kullum matsalarmu itacen girki da na jin ɗumi. Na ga injin yankan itace mai aiki da batir a Facebook, wani ƙarami an rubuta 88VF a jikinsa kuɗinsa ba yawa, na kuma ga wasu manya a Sabon Gari masu tsada sosai. Wanne zan ɗauka da zai min aikin biyun? Na gode.
Mai karatu daga Hotoro

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, lafiya lau alhamdulillahi. Bari na fara da wannan ɗan ƙaramin na Facebook tunda na san zuciyarka ta fi karkata can saboda kuɗin. Wannan 88VF ɗin da ka gani ba ƙarfin wuta ba ne, rubutun talla ne kawai, in ka buɗe batirin ƙwayoyi biyar zaka tarar a jere, kowace ƙwaya idan ta cika taf tana ba da ƙarfin wuta 4.2V, ka ga biyar ɗin 21 kenan, shi ya sa in ka duba cajarsa da kyau zaka ga 21V aka rubuta. Har manyan kamfanoni ma suna ɗan wannan wayon amma nasu da sauƙi, DeWalt da Ingco suna rubuta 20V, Makita da Milwaukee suna rubuta 18V, alhali duk abu ɗaya ne, ƙwaya biyar ce, wani ya auna lokacin da aka cire ta daga caji wani ya auna tana cikin aiki. Don haka kar wani mai shago ya ce maka na 20 ya fi na 18 ƙarfi ya ƙara maka kuɗi a kai.

Abin da nake so ka riƙe shi ne, a irin wannan kaya batir kake saya, injin biyo baya yake. Ƙarfe da roba da sarƙa ko'ina ana yi, amma batirin shi ne rabin kuɗin ko fiye, shi ne kuma yake fara mutuwa, in ya mutu baka samu irinsa a kasuwa ba to injin ya zama kayan ajiye a sito. Saboda haka tambayar farko da zaka yi wa mai shago ba "nawa ne" ba ce, ka ce masa in batirin nan ya lalace nan da shekara biyu ina zan samu wani, kuma kana da shi yanzu in gani? In ya fara kame-kame yana cewa ai ba ya lalacewa Alhaji, ka yi masa sallama ka ƙara gaba.

Ga lissafin da zai hana a cuce ka. A jikin kowane batir akwai lamba biyu, ta V da ta Ah. Ita Ah ɗin ka ɗauke ta kamar girman tankin babur, ba ita ke sa gudu ba amma ita ke faɗa maka inda zaka kai kafin ka tsaya. Ka ninka su biyun sai ka samu ainihin wutar da ke ciki, batir mai 18V da 5Ah ya ba ka 90Wh, mai 2Ah kuwa 36Wh ne kacal, kuma yawancin masu arahar nan da 2Ah ko ƙasa da haka suke zuwa ko da an rubuta wata lamba mai ban tsoro a kwalin. Ka ɗauki batirin a hannunka ka jijjiga nauyinsa. Na gaske mai 5Ah ƙwaya goma ne a ciki, nauyinsa ya ɗan haura rabin kilo, in aka miƙo maka wani sakayau aka ce 6Ah ne ko 8Ah, wallahi ƙarya ce, ba yadda za a yi. Jabun batir ɗin Makita da DeWalt sun cika kasuwa, launi ɗaya rubutu ɗaya, nauyin ne da farashin suke tona musu asiri.

Yanzu girman injin. Ana auna shi da tsawon ƙarfen nan da sarƙar take kewayawa a kai, da inci. Ƙananan na hannu ɗaya inci 4 ne zuwa 6, su aikinsu reshen goba da zogale da ƙananan rassan mangwaro, abin da bai wuce kaurin damtsenka ba. Akwai masu kyau a cikinsu, irin su Stihl GTA 26 da ƙaramin Milwaukee, ban ce duk shirme ba ne, amma ba za su yi maka reshen darbejiyar da ta shekara ashirin a ƙofar gida ba, zaka ji injin yana kuka yana tsayawa har ya yi zafi ya ɗauke. Manyan kuma masu inci 16 zuwa 18 sun fi ƙarfin buƙatarka, nauyi ne da tsada da shan batir a banza. Kai naka yana tsakiya, inci 10 ko 12, in ka matsa 14. Ka'idar ita ce ƙarfen ya ɗara kaurin itacen da kamar inci biyu, to mai inci 12 zai yanka maka gungume mai kaurin inci 10 a wucewa ɗaya, kuma tsakani da Allah reshen da ya wuce haka a saman katanga ba kai ya kamata ka taɓa shi ba, na masu sana'ar ne da igiyoyinsu.

A ra'ayina in aljihu zai ɗauka ka nemi mai ƙarfin 36V ko 40V, akwai na Makita da ake saka masa batir biyu na 18V a lokaci ɗaya, amfaninsa shi ne batiran nan dai su ne na dirilarsu da injin goge ƙarfe da abin hura iska, ka ga gobe in zaka sayi wani kayan aikin nasu, gangar jiki kawai zaka saya ba sai da batir ba. In kuɗin bai kai can ba, Ingco ko Total na 20V mai inci 10 ko 12 zai yi maka aikin gida daidai gwargwado, ga su nan a wajen masu kayan aiki na Sabon Gari da France Road kuma batirinsu ba wahalar samu, sai dai kar ka sa ran zai yi sauri a busasshiyar tsamiya ko marke, waɗannan itatuwan ko injin fetur sai ya ji a jikinsa. Ko wanne ka ɗauka ka duba kwalin a ga an rubuta Brushless, wato motar ba ta da kabon ɗin nan da yake cinyewa, ta fi jimirin zafi kuma batir ya fi daɗewa da ita. Ka kuma tambaya a buɗe kwalin a gabanka, don da yawa ana sayar da su ba batir ba caja, mutum ya ga farashi ya yi daɗi sai ya je gida ya tarar da gangar jiki kawai. Kuma batir biyu zaka saya ba ɗaya ba, wannan ba shawara ba ce dole ce, musamman ga mai zuwa daji.

Sai maganar zafi, wadda masu tallan Turai ba za su faɗa maka ba saboda su sanyi ne damuwarsu. Batirin litiyam ba a son a yi masa caji in zafinsa ya haura digiri 45, mu kuwa a Kano daga Maris zuwa Mayu inuwa ma tana wuce 40, balle but ɗin motar da aka faka a rana a bakin dam, ko ɗakin kwano da azahar. Kar ka bar shi a mota, kar ka ciro shi daga inji da zafinsa ka danna a caja, ka bari ya huce a inuwa tukuna, caji kuma da sassafe ko da dare, a kan siminti ba kan katifa ko kafet ba, kuma ba a ɗakin da yara suke kwana ba. In zaka ajiye shi wata da watanni, tunda aikin naka na lokaci-lokaci ne, ka bar shi da kamar rabin caji, kar ya cika taf kar kuma ya ƙare ƙaf. Wanda ya kumbura ko ya fara wari ka rabu da shi, kar ka kai wa masu gyaran waya su yi masa dabara.

Wajen zangon naku kuwa bari na ɗan rage maka zumuɗi. Itacen da zai dafa shayi da indomi da gasa kifi na kwana biyu, batir biyu masu 5Ah sun isa in rassa ne masu kaurin hannu zuwa ƙwauri, amma busasshen itace mai tauri ya fi ɗanye shan batir da cin kaifin sarƙa, kuma wanda ya daɗe a ƙasa cike yake da yashi da ƙasar gara, sarƙa tana taɓa ƙasa sau ɗaya ta dakushe. Ka ɗora itacen a kan wani gungumen ya ɗaga sama kafin ka yanka, ka juya shi da sanda tukuna ba da hannu ba saboda kunama da maciji, in kogo ne da shi ka saurara ko akwai zuma ko rina. Ka riƙe adda ko ƙaramin zarton hannu a jaka ko da batir zai ba ka kunya. Wani abu kuma da 'yan birni suke yawan faɗawa ciki, gawo da damina yake zubar da ganye ya tsaya fayau sai ka rantse ya mutu, da rani kuma ya yi kore shar, to kar ku ga gawo ba ganye a gonar mutane ku ce kun samu busasshen itace, yana da mai shi kuma manomi yana ji da shi don ganyensa taki ne 'ya'yansa abincin dabbobi. Abin da ya faɗi ƙasa kawai zaku ɗauka, shi ma ku tambayi mutanen wajen. Daji irin Falgore ko Yankari da gwamnati ta keɓe kuwa kar ma ka shiga da injin.

Wannan ya kawo ni kan doka. A 2025 Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano ta sanar da hana amfani da injin sare bishiya ba tare da izini ba, akwai tara akwai ƙwace inji, kuma maganar ta shafi sarewa da datsewa. Kafin ka kashe kuɗinka ka leƙa ma'aikatar ka faɗa musu abin da kake son yi da darbejiyar ƙofar gidanka su faɗa maka takardar da ta hau kanka. Ni dai ban ga laifin dokar ba, duk wanda ya san yadda wasu titunan garin nan suke da inuwa a da ya ga yadda suka koma yanzu zai gane.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ƙanina ne ya aiko min da irin injin nan daga Amurka, DeWalt, da batir biyu da caja, ina jona cajar ta yi wani ƙara fat hayaƙi ya tashi. Shikenan na yi asarar injin ko akwai yadda za a yi?
Wani malamin makaranta daga Gwale

AMSA: Malam injinka lafiyarsa ƙalau, cajar ce ta tafi. Wutar Amurka 120V ce, tamu 230V, ka juya bayan cajar zaka ga 120V kaɗai aka rubuta. Ka nemi cajar DeWalt da aka yi wa ƙasashe masu wuta irin tamu, wadda aka rubuta 220 zuwa 240V, ka tafi da batirin shagon a gwada a gabanka ka ga fitilar caji ta kama. In kuma wata ta Amurkan aka sake aiko maka to sai da taransifoma mai rage wuta zuwa 110, wadda ƙarfinta ya ninka abin da cajar take ja. Masu sayen na gwanjo a Ƙofar Ruwa ku ma ku riƙa duba wannan rubutun kafin ku biya. In ƙanin naka zai taho da ƙarin batir a jirgi ka faɗa masa ba a saka shi a babban akwati, a jakar hannu ake riƙewa, wanda ya wuce 100Wh kuma sai kamfanin jirgin ya amince.

TAMBAYA: Salam Malam. Ni mace ce, maigidana ya rasu ya bar min gida da ɗan lambu a Kabuga, akwai lemo da goba da dabino ɗaya. Ɗana mai shekara sha biyar ya dame ni in saya masa irin wannan injin wai shi zai riƙa gyara bishiyoyin, ya ce mai batir ba shi da haɗari kamar na fetur tunda ba ya ƙara. Gaskiya ne? Kuma ance ba a zuba masa mai ko kaɗan.
Maman yara daga Kabuga

AMSA: Allah ya jiƙan maigida Hajiya, ya albarkaci abin da ya bari. Maganar yaron nan ba haka take ba, kuma ki faɗa masa ni na ce. Sarƙar da take jikin na fetur ita ce dai a jikin mai batir, yadda take cin itace haka take cin nama, rashin ƙarar ma wani haɗarin ne na daban, shi na fetur sai an ja igiya an sha fama kuma in yana kunne duk layi sun sani, wannan kuwa yana ajiye shiru ƙaninsa ɗan shekara biyar ya zo ya danna ya tashi nan take. Duk gidan da ke da shi, da an ajiye ko na minti biyu ne a zare batirin, a adana su waje daban-daban.

Babban abin da yake raunata mutane shi ne tutsun da injin yake yi. In saman hancin ƙarfen, can ƙarshe inda sarƙar take lanƙwasowa, ya taɓa wani reshe ko bango ko ƙusa, injin sai ya yi tsalle ya dawo sama wajen fuska da kafaɗa kafin ƙiftawar ido, ba wanda yake da saurin kaucewa. Shi ya sa na kirki suke da birkin sarƙa, wata garkuwa ce a gaban hannun hagu da take tsayar da sarƙar in ya yi tutsun, ƙananan masu arahar nan da yawansu ba su da shi, ga shi da hannu ɗaya ake riƙe su ɗaya hannun yana riƙe da reshen, daidai inda ba a so. Kuma bishiyoyinmu na cikin gari cike suke da ƙusoshi da waya, an ɗaura igiyar shanya, an kafa allon talla, an rataya fitila shekaru sun wuce ɓawo ya rufe ba a gani. Ba a yanka da shi sama da kafaɗa, ba a hawa tsani ko katanga da shi, ba a aiki kusa da wayar wuta, ba a sa babbar riga ko jallabiya ko mayafi ko hirami mai lilo, sai tabarau da safar hannu da takalmi mai rufi, silifas kam a'a. Ɗan sha biyar shi kaɗai a gida, ban yarda ba.

Lemo da goba ma basa buƙatarsa Hajiya. Almakashin datse rassa mai dogon hannu da ƙaramin zarton hannu mai lanƙwasa sun ishe shi, sun fi yanka mai tsafta wanda bishiyar zata warke da wuri, kuɗinsu kuma bai kai na batir ɗaya ba. Dabinon ki bar wa masu hawa, zarensa yana cushe sarƙa ga ƙaya.

Batun mai kuma, fetur ne ba ya sha, amma man sarƙa dole ne. Manyan suna da ɗan tanki a gefe da yake ɗigo da kansa, ƙananan da hannu ake ɗiga musu, in aka bar sarƙa a bushe zata yi zafi ta miƙe ta cinye ƙarfen. Yadda ake gane yana fitowa, a kunna injin a nuna hancinsa saitin kwali ba tare da ya taɓa ba, za a ga ɗan feshin mai a layi. Baƙin man da aka juye daga mota ko janareto ba a sawa, yana da dattin ƙarfe yana toshe hanyar man kuma yana ɓata itacen da ake ci.

TAMBAYA: Oga nawa sabo ne wata biyu, da farko yana yanka kamar me yanzu sai na danna da ƙarfi kuma hayaƙi yake, batir ɗin ma baya daɗewa. Na mayar ne?
Daga Na'ibawa

AMSA: Kar ka mayar, sarƙarka ce ta dakushe. Dubi abin da yake zubowa in kana yanka, mai kaifi ɓarɓashi take fitarwa manya-manya, dakusasshiya gari take yi mai laushi, kuma ita ce take shanye maka batir don motar tana wahala ne a banza. Ka sayi magagari mai zagaye daidai da sarƙarka, yawancin masu inci 10 zuwa 14 na milimita 4 suke ɗauka amma ka duba takardar injin, zare batir, ka goga kowane haƙori daga ciki zuwa waje a karkace kamar digiri 30, adadin gugar da ka yi wa ɗaya shi zaka yi wa sauran in ba haka ba yankan zai riƙa karkacewa gefe. In abin ya yi maka wuya ai kana kusa da 'Yan Katako, ka kai wa masu injin fetur su wasa maka kana tsaye kana kallo, sau biyu ka iya. Ka duba kuma ko ta saki, sabuwar sarƙa tana miƙewa, ka ɗaga ta da yatsa a tsakiyar ƙarfen ta ɗan taso ta koma da kanta, in tana reto a ƙasa ka ɗaure ta bayan ta huce. In ka taɓa cire ta ka mayar to ka tabbata haƙoran sama gaba suke kallo, mutane da yawa suna saka ta a juye su ce inji ya lalace. In zaka sayi ta canji ka tafi da tsohuwar a ƙirga ƙafafunta na ciki a gwada kaurinsu, don inci 12 na wannan kamfani ba lallai ta hau inci 12 na wancan ba.